Fina-finan launin fata a ƙaramar sinima: zaɓi ya yi kyau, amma fitilar majigi ta gaji

Ƙaramar sinima ce mai allo ɗaya, irin wadda mai yaga tikiti a ƙofa shi ne zai hau sama ya kunna majigi. Ta ware dare ɗaya a kowane mako, har mako shida, tana nuna fina-finai a kan launin fata da asali, in an gama kuma a zauna a tattauna. Wanda ya zaɓo fina-finan ya san hannunsa, zauren ma ya dace da magana, sai dai hoton da ke isa allo bai kai yadda masu fina-finan suka yi shi ba. A wani shirin da sai a ce ƙaramin aibi ne. A nan kuwa fata ita ce labarin, kuma fitilar da ta yi rauni fuskar baƙin mutum take fara cinyewa.

An jera su bisa shekaru. An buɗe da La Noire de... na Usman Sembene, ɗan Senegal, na 1966. Sai Angst essen Seele auf na Rainer Werner Fassbinder daga Jamus, 1974, da Do the Right Thing na Spike Lee, 1989, da La Haine na Mathieu Kassovitz daga Faransa, 1995. Mako na biyar I Am Not Your Negro ne na Raoul Peck, 2016, aka rufe da Passing na Rebecca Hall, 2021. Abin yabo na farko shi ne rabi kaɗai ke magana a kan Amurka. Yawancin shirye-shirye irin wannan da gonakin auduga da bulala suke farawa, su ƙare da zanga-zangar shekarun 1960, mai kallo ya tashi yana zaton wariya cutar ƙasa ɗaya ce, kuma an riga an warke. Wannan jerin ya kai mutum ɗakin girki a kudancin Faransa, da mashaya a Munich, da gidajen haya na bayan birnin Paris, inda babu dokar wariya ko ɗaya a rubuce amma kowa ya san matsayinsa.

Fim ɗin Sembene shi ne ya fi cancantar a fito dominsa. Sa'a ɗaya ne da 'yan mintoci, baƙi da fari. Diouana, wadda Mbissine Thérèse Diop ta fito a matsayinta, renon yara take yi wa wasu Faransawa a Dakar. Suka ɗauke ta zuwa Antibes a kudancin Faransa, tana murnar za ta ga Faransa, ashe Faransar tata ba ta wuce kicin da banɗaki da falo ba. Akwai fitowar da wasiƙa ta zo da sunan mahaifiyarta. Diouana ba ta iya karatu ba, maigidan ne ya karanta mata, shi ne kuma ya ɗauki alƙalami ya fara rubuta amsa da bakinta, yana cewa tana lafiya. Tana zaune tana kallo ana yi mata magana da muryar da ba tata ba. Fim ɗin ya ci lambar Jean Vigo a 1966, an kuma gyara shi a 2015 a ɗakin gyaran fina-finai na Bologna, shi ya sa kwafin da ke yawo yanzu yake da tsabta, babu zane-zanen tsohon fim. A allon da ke da isasshen haske ana ganin sheƙin goshinta da zanen rigarta a jikin farin bangon gidan, da abin rufe fuska na katako da ta ba su kyauta suka rataye a bangon kamar ganima.

Ga inda gizo ke saƙar. Ma'aunin da sinimomin dijital ke bi shi ne farin tsakiyar allo ya kai kandela 48 a kowace murabba'in mita, abin da masu sana'ar ke kira fut-lambat 14. Masu gyaran launi a kan wannan hasken suke zama su daidaita kowace fitowa. Kwan zenon da ke cikin majigi kuwa yana raguwa da yawan awannin da ya yi yana ci. Aikin mai majigi ne ya riƙa ƙara masa wuta kaɗan-kaɗan yayin da yake tsufa, ya daidaita shi da madubin da ke bayansa, in ya kai awannin da kamfani ya ƙayyade ya cire shi. Kwan yana da tsada, don haka ƙananan sinimomi sukan ja shi har ya wuce ƙa'ida, ko su rage masa wuta da gangan wai don ya daɗe. Alamun haka duk sun bayyana a wannan allon: kusurwoyi sun fi tsakiya duhu, farin rubutun ƙarshen fim ya koma kamar tsohuwar takarda, kuma a fili mai haske ana ganin ɗan kaɗawa, wadda ke nuna bakin ƙarafan cikin kwan sun ci. Haske in ya ragu ba daidai yake raguwa a ido ba. Farin bango yana nan fari, ko da ya dusashe. Bambancin da ke tsakanin baƙin gashi da baƙar fata da duhun dare shi ne ke haɗewa ya zama abu ɗaya.

A daren Do the Right Thing abin ya fi fitowa fili. Labarin yini ɗaya ne mai tsananin zafi a layi ɗaya na unguwar Bedford-Stuyvesant a Brooklyn, kuma mai ɗaukar hoto Ernest Dickerson da ja da ruwan lemo da ɗorawa ya gina zafin, ya kauce wa shuɗi da kore. Bangon nan da dattawa uku ke zama a gabansa ƙarƙashin lema ja ne jawur, an yi masa fenti musamman domin fim ɗin. A nan ya fito ruwan ƙasa. Wannan da sauƙi. Asarar gaske tana ƙarshe, da dare, lokacin da 'yan sanda suka shaƙe Radio Raheem, saurayi baƙar fata mai yawo da babbar rediyo, da kulki a gaban jama'a. Fuskokin mutanen unguwa da ke tsaye suna kallo su ne nauyin fitowar, amma daga tsakiyar zaure abin da ake iya rabewa fararen riguna ne da fararen idanu.

Abin takaicin shi ne masu fim sun daɗe suna yaƙi da wannan matsalar a gefen kyamara. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa ɗakunan wankin hoto katin gwaji mai hoton mace farar fata, wanda aka san shi da katin Shirley, a kansa ake daidaita launi, don haka duk wanda ya fi ta duhu sai ya fito babu sassan fuska. A sinima ma akan ambaci In the Heat of the Night na 1967 a matsayin ɗaya daga manyan fina-finai masu launi na farko da aka tsara haskensu domin fatar baƙin jarumi, inda mai ɗaukar hoto Haskell Wexler ya tausasa fitilu saboda Sidney Poitier. Duk wannan wahala kwan da ya gaji yana iya rushe ta a dare ɗaya.

Daren La Haine kuma wata matsalar ce daban, kuma ta fi sauƙin gyara. Ba daga DCP aka haska shi ba, wato kunshin fim na dijital da ake aiko wa sinimomi, daga faifan Blu-ray ne. Ba laifi ba ne in an biya haƙƙin nunawa ga jama'a, domin faifan da aka saya don kallon gida bai ba da wannan izinin ba. Amma faifai da majigin sinima ba harshe ɗaya suke yi ba. A bidiyon faifai baƙi yana kan lamba 16, fari a kan 235, ita kuwa kwamfuta daga 0 zuwa 255 take ƙirga. In na'urar faifan ta aika da na kwamfuta alhali majigi yana jiran na bidiyo, duk abin da ke ƙasa da 16 sai ya zama baƙi ƙirin, duk abin da ya haura 235 ya ƙone. In aka yi akasin haka, baƙi ya koma toka-toka, hoto ya yi kamar an wanke shi. A wannan daren na farkon ne ya faru. Fim ɗin baƙi da fari ne, ya bi samari uku, Vinz Bayahude, Saïd Balarabe da Hubert baƙar fata, na kusan kwana ɗaya bayan tarzoma, kuma rabinsa na biyu a titunan Paris ne da dare. Fuskar Vinz tana nan sarai, ta Saïd ma ana gani, Hubert ne ya riƙa ɓacewa, shi da ya fi su tunani kuma yawancin wasansa a ido yake. Gyaran bai wuce minti biyar ba: a saka hoton gwaji mai sandunan baƙi kafin a buɗe ƙofa, a daidaita abin da na'urar faifan ke aikawa ta wayar HDMI da abin da majigi ke jira, a kuma sauya tsarin launin majigin daga na DCP zuwa na Rec. 709 wanda faifai ke amfani da shi.

Mai kallo ma yana iya gane wa kansa. A fitowar dare ta farko, a dubi inda gashin baƙin jarumi ya haɗu da bayan hoto. In ana ganin iyaka, lafiya lau. In farin rubutu yana da hazo a gefensa kamar wata a lokacin hunturu, gilashin majigi ne ko tagar ɗakin majigin ta yi ƙura, kuma wannan ƙurar tana watsa haske cikin wuraren duhu. Fitilar da ke kan ƙofar fita ta gefen allo ita ma tana zubo kore a kusurwar dama. Dole ta kasance a kunne saboda tsaro, amma ɗan ƙarfe a gefenta zai kare allon.

A wajen fasalin hoto, wato faɗinsa a kan tsayinsa, sun yi abin kirki. Fim ɗin Sembene da na Fassbinder a tsohon fasali na 1.37 aka ɗauke su, Passing kuma a 4:3, wato kusan murabba'i. Wasu masu majigi ba sa son ganin fili a gefe da gefe, sai su zuƙo hoton ya cika allon 1.85, abin da ke yanke kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa. Nan ba a yi haka ba. Ga Fassbinder wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yawanci ta cikin ƙofa ko tsakanin ƙarafan matakala yake nuna Emmi da Ali, tsohuwar Bajamushiya mai aikin shara da ɗan Maroko mai gyaran mota da ta aura, kamar an saka su a keji maƙwabta na leƙe. In aka yanke saman ƙofar, kejin ya tafi. Abin da ya rage shi ne babu baƙin labulen da ake jawowa ya rufe gefen allo, don haka filin da ba hoto yana nan toka-toka, yana rage wa ido zurfin baƙin da ke tsakiya.

Sauti ya fi hoto. Ma'aunin Dolby shi ne maɓallin ƙara ya tsaya a kan 7, wanda ke ba da desibel 85 daga kowace lasifikar bayan allo, amma ƙananan zauruka da yawa sukan sauke shi zuwa 5 ko 5 da rabi saboda ƙorafin 'yan kallo. Nan ma an sauke, ba sosai ba. Rediyon Radio Raheem yana da ƙarfin da zai sa ka gane dalilin da ya sa Sal mai gidan fiza ya fusata, wanda shi ake so. Tsoffin fina-finan biyu masu sauti ɗaya an tura su lasifikar tsakiya kaɗai, yadda ya kamata, ba a watsa su a bango ba. Inda aka samu tangarɗa a fim ɗin Raoul Peck ne. An gina shi a kan shafi talatin da marubuci baƙar fata ɗan Amurka James Baldwin ya bari na littafin da bai gama ba, game da abokansa uku 'yan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe da aka kashe, Medgar Evers a 1963, Malcolm X a 1965 da Martin Luther King a 1968. Samuel L. Jackson ne ke karanta kalmomin, da murya ƙasa-ƙasa wadda ba za ka ce shi ba ne. Na'urar sanyaya ɗaki da ke bangon baya tana gurnani daidai a wannan zurfin muryar, layuka biyu na ƙarshe sai sun kasa kunne sosai.

Rubutun fassara na ƙasan allo shi ne rauni na biyu. A fim ɗin Sembene, Diouana kusan ba ta buɗe baki a gidan, tunaninta ake ji da Faransanci a kan hoto, saboda haka wanda ba ya jin Faransanci rubutun nan ne kaɗai hanyarsa zuwa zuciyarta. Farin rubutu ne marar baƙin gefe, a kan farin bango da farin teburi, wasu layukan sai an yi canki. Ƙasan zauren kuma shimfiɗe yake, bai gangara ba, allon yana ƙasa, don haka dogon mutum ɗaya a gabanka ya isa ya rufe maka layi na biyu. Wurin da ya fi shi ne kusan kashi biyu cikin uku daga allo, inda ake daidaita sauti, amma a kujerar bakin hanya ta tsakiya, inda ba kai a gabanka.

Akwai kuma abin da fassara ba ta iya ɗauka, wanda ya kamata mai gabatarwa ya faɗa kafin a kashe fitila. Sunan fim ɗin Fassbinder kansa gurɓataccen Jamusanci ne da gangan, irin na baƙon da bai ƙware ba, kuma haka Ali yake magana har ƙarshe. Ali ma ba sunansa ba ne, sunansa dogo ne, Jamusawa suka ga ba za su iya ba suka laƙaba masa wanda suke kiran kowane Balarabe da shi. A rubutun ƙasa maganarsa takan fito sumul, sai a rasa ratar da ke tsakaninsa da masu yi masa kallon raini. Samarin La Haine kuwa da verlan suke magana, zaurancen matasan bayan gari na Faransa inda ake juya gaɓoɓin kalma, femme ta koma meuf, flic ya koma keuf. Harshen da suke amfani da shi ne don ɗan sanda da malamin makaranta kada su gane, kuma shi kansa shaidar asali ne. An ambaci wannan a daren La Haine, an manta a daren Fassbinder.

Tattaunawar bayan fim ita ce abin da babbar sinima ba za ta iya bayarwa ba, kuma a nan ƙanƙantar wurin ta yi rana. Ana kunna rabin fitilu, a ba da 'yan mintoci mutane su dawo hayyacinsu, sannan mai jagora ya fara da fitowa guda takamaimai maimakon ya tambayi yadda kowa ya ji. A daren Passing ya fara da fitowar farko, inda Irene ta sauke bakin hularta ta shiga ɗakin shan shayi na otal ɗin Turawa a New York, hasken ya yi yawa har fatar kowa ta koma fari ɗaya, ta haɗa ido da Clare, ƙawarta ta ƙuruciya wadda ta daɗe tana rayuwa a matsayin Baturiya, har ta auri mutumin da ke ƙin baƙaƙe bai san matarsa ba. Tessa Thompson da Ruth Negga ne suka fito, labarin kuma daga littafin Nella Larsen ne na 1929. Tambayar mai jagoran ita ce me ya sa fatar Irene ta fi duhu da zarar ta koma gidanta a Harlem, unguwar baƙaƙe ta New York. Daga nan magana ta ɓalle da kanta, daga hasken kyamara zuwa wanda ke da ikon cewa wane ne wane.

Ba kullum ta yi daɗi haka ba. A daren Spike Lee an ƙare lokaci ana jayayya ko Mookie, baƙin saurayin da ke yi wa Sal aiki, ya kyauta da ya jefa garwar shara ta fasa gilashin gidan fiza. Shi kansa Lee ya sha faɗa cewa fararen fata ne ke yi masa wannan tambayar, suna jin zafin shago fiye da ran saurayin da aka kashe. Da mai jagora ya tuna wa mutane cewa an sadaukar da fim ɗin ga iyalan mutane na gaske, cikinsu har da Michael Stewart da ya mutu bayan kamun 'yan sandan New York a 1983 da Michael Griffith da ya mutu a unguwar Howard Beach a 1986 bayan farmakin wasu fararen fata, da maganar ta canza hanya. Haka La Haine ya samo asali ne daga kisan Makomé M'Bowolé, ɗan shekara 17, a ofishin 'yan sanda na Paris a 1993, kuma ba a faɗa ba. Wani kuskuren da ya maimaitu shi ne juyawa ga mutum ɗaya ko biyu a zauren a ce su faɗi yadda mutanensu ke ji. Wanda ya sayi tikiti kallo ya zo yi, ba wakilcin al'umma ba. Babu kuma makirufo mai yawo, tambayar layin gaba ba ta isa baya, mai jagora kuma ba ya maimaita ta.

Dare ɗaya an makara da farawa saboda makullin fim. Kunshin DCP yakan zo a kulle, sai mai rarraba fim ya aiko da ƙaramin fayil da ake kira KDM, wanda ke buɗe fim ɗin ga na'ura ɗaya tak mai lamba takamaimai, daga wata sa'a zuwa wata. In aka yi kuskuren lambar na'ura ko bambancin agogon ƙasashe, ba abin da mai majigi zai iya sai waya da jira. Maganinsa a kwafe fim ɗin cikin na'ura tun ana gobe, a nemi makullin da zai buɗe da wuri, a gwada farko da tsakiya da ƙarshe da rubutun ƙasa a kunne.

Jerin kansa yana da giɓi. Mace ɗaya ce cikin daraktoci shida. Babu komai daga Afirka ta Kudu, ƙasar da ta mayar da launi doka da rajistar jama'a ta 1950, alhali akwai Skin na 2008 a kan Sandra Laing, 'yar Turawa biyu da hukuma ta sauya wa rukuni tana ƙaramar yarinya saboda duhun fatarta. Babu kuma fim a kan fifita haske a tsakanin baƙaƙe su kansu, da man shafe-shafen da ke biyo baya, in ban da abin da Passing ya taɓo.

Takardar shirin ba ta yi gargaɗi ba, ya kamata ta yi. Ba shirin yara ba ne. Akwai wadda ta kashe kanta a fim ɗin Sembene, akwai tsiraici a na Fassbinder da ɗan kaɗan a na Spike Lee, ashar ba iyaka a Do the Right Thing da La Haine, ga shan wiwi a na biyun, kuma fim ɗin Peck yana ɗauke da hotuna na gaske na mutanen da aka rataye da waɗanda 'yan sanda ke duka. Do the Right Thing sa'a biyu ne cif, sauran huɗun, ban da na Sembene, kowanne sa'a ɗaya da rabi ne da ɗoriya, sai a ƙara lokacin tattaunawa a lissafin komawa gida.

Wanda dare biyu kaɗai zai samu, ya ɗauki na Sembene da na Peck. Na farkon yawancinsa a farin ɗaki ne da rana, na biyun kuma magana ce ke ɗauke da shi, don haka raunin fitila bai cika cutar da su ba. Do the Right Thing da La Haine su ne suka fi shan wahala a wannan allon. Kafin a sayi tikitinsu, a tambayi mai tagar ko daga DCP za a haska ko daga faifai, da kuma ko an sauya kwan majigin.